Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya rataya wa hitar gidana jar takarda

Yallabai Manaja,

Bayan gaisuwa. Na riga na aika muku wannan koke da Turanci ta imel, kun yi shiru. Wannan na rubuta shi da Hausa ne don 'yan'uwa mazauna jihar Minesota ta Amurka su karanta, domin da dama cikinmu tsofaffin gidaje muka saya, masu tsofaffin hita irin tawa, kuma ina jin ba ni kaɗai ma'aikacinku ya yi wa wannan wayon ba.

Hitar gidana ta gas tsohuwar ƙira ce, irin mai 'yar ƙaramar wuta da ke ci dare da rana, wadda babbar wutar ke kamawa daga gare ta. A tsakiyar Janairu 'yar wutar ta mutu, gida ya ɗauki sanyi. Na bi umarnin da ke manne a jikin ƙofar hitar: na kashe gas, na jira minti 5 don abin da ya taru ya watse, na danna maɓalli na kunna, na riƙe shi kamar minti ɗaya. Tana ci muddin yatsana na kai. Ina sakewa sai ta mutu. Harshen nata ma rawaya ne, siriri, yana ta rangaji.

Na kira ku saboda duk shekara ina biyan kuɗin yarjejeniyar kula da hita, wadda a cikinta kuka yi alkawarin zuwa a ranar da aka kira. Sai washegari da yamma mutuminku ya iso. Ya sauka ɗakin ƙasa, ya haska tocila ta ƙofar hitar, bai kwance ko noti ɗaya ba, jakar kayan aikinsa ma a mota ya bar ta. Ya miƙe ya ce tukunyar ƙarfen da wuta ke ci a cikinta ta tsage, iyalina na cikin haɗarin shaƙar kabon monoksaid. Ya rufe gas, ya rataya jar takarda, alamar hana amfani da hitar, sannan ya zaro kwamfutar hannu ya shiga nuna mini sabbin hita da tsarin biya wata-wata. Mafi arha a ciki ta haura dala 6,000. Linzami ne ya tsinke, aka zo sayar mini da doki.

Ba na wasa da zancen kabon monoksaid. Iska ce marar launi marar wari, mutum yana barci take kashe shi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji a gas ma da gangan ake zuba masa don a gane yoyo, ita kuwa ba ta da irin wannan alama. Dokar Minesota ta wajabta a sa ƙararrawarta cikin ƙafa 10 daga kowane ɗakin barci, kuma namu suna nan, ba su yi kuka ba. Na san shirun ƙararrawa bai isa hujja ba. To amma ina tasa hujjar? Mai cewa tukunya ta tsage yakan zura 'yar kyamara ya nuna wa mai gida tsagar, ko ya auna hayaƙin da na'ura ya karanto lamba. Da na ce ya nuna mini, cewa ya yi ya daɗe a aikin nan, da gani yake ganewa.

Muka kwana da hitar lantarki a falo, famfuna a buɗe suna ɗiga don kada ruwa ya daskare ya fasa bututu. Mahaifiyar maiɗakina tana tare da mu a lokacin, tsohuwa ce da ba ta san wani sanyi ba sai na hunturun Damagaram.

Wani makanike mai zaman kansa, mai lasisi, ya zo da safe. Shi ya zauna ya yi mini bayani yana aiki. A cikin harshen 'yar wutar akwai wata siririyar sanda mai kan ƙarfe, ana ce mata tamokoful. Ƙarafa iri biyu ne a haɗe, in sun ji zafi sai su ba da ɗan lantarki, wajen milibolt 25 zuwa 30, shi ke riƙe bawul ɗin gas a buɗe. In wutar ta mutu sandar ta huce, bawul ya rufe da kansa, don kada gas ya cika gida. In kuma sandar ta tsufa, ko wutar ba ta lasarta da kyau, to bawul ɗin zai rufe ko da wuta na ci. Ya ɗora mita a gabana, allon bai kai 10 ba. Ya kwance bakin 'yar wutar, ya hure ƙurar da ta toshe ramin, ya sa sabuwar sanda wadda a shagon kayan gini ba ta wuce dala 20 ba. Wuta ta tashi shuɗiya, tsaye, ta lulluɓe kan sandar kamar rabin inci. Bai tsaya nan ba: ya zura kyamara ya bi tukunyar lungu-lungu ina kallo a allo, ya auna hayaƙin, ya rubuta mini sakamakon ya sa hannu. Babu tsaga.

Ya gaya mini gaskiya cewa hitar ta tsufa, sabbin na yanzu da lantarki suke kunna kansu kuma wasu na mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na gas zuwa ɗumi. Zan sauya ta, in Allah ya so, da bazara, bayan na tambayi farashi wuri uku. Ba da dare a Janairu ba, da yara suna rawar ɗari wani yana miƙo mini alƙalami.

Kuma ga tambayar da ta fi damuna: a watan Oktoba ku ne kuka zo duba hitar nan, rasiɗinku ya ce an share bakin wuta an gwada sandar. To ƙurar nan daga ina ta fito?

Ina neman ku mayar mini da kuɗin kiran gaggawa da kuka caja duk da yarjejeniyarmu, da na yarjejeniyar bana, wadda na soke daga yau. Ku aiko mini da hoto ko awon da aka dogara da shi aka rataya jar takardar, in babu kuma ku janye ta a rubuce. Na ba ku zuwa ƙarshen wata. Bayan haka zan kai takardun biyu, taku da ta makaniken, ofishin Babban Lauyan Jihar Minesota, sashen koke-koken masu sayayya.

Ni ne,
Wani mai gida a kudancin Miniyafolis