A daina kashe tsofaffin takardun filaye da sunan adana su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni dama in ja hankalin masu tara takardun mallakar filaye na zamanin mulkin mallaka, da magadan da irinsu suka faɗo hannunsu. Yawancin ɓarnar da ake yi wa waɗannan takardu, masu ƙaunarsu ne ke yin ta.

Babbar masifa ita ce laminatin. Zafin injin da gam ɗin ledar kan shige cikin takardar, ba a kuma iya raba su sai da asara. Salatef ma haka yake: bayan 'yan shekaru ya bushe ya faɗi, ya bar tabo ruwan ƙasa. Akwai masu yanke hatimi ko kan sarki su sayar daban. Sun raba shaida da mai ita, kowanne ya rage daraja.

Kafin a saya, a ɗaga takardar a gaban haske. Wadda aka yi da tsumma, kafin tsakiyar ƙarni na 19, takan nuna layuka da tambarin masana'anta a cikin jikinta. Wadda aka yi da niƙaƙƙen itace daga baya ita ce ke yin rawaya tana karyewa a wurin ninki. Tsohuwar tawadar da ake haɗawa da sinadarin ƙarfe da ƙaro takan koma ruwan ƙasa, wani lokaci har ta huda takardar. Idan ta fata ce, daga yankunan da Ingila ta mallaka a Amurka, a duba bakinta na sama: ana yanka shi a karkace ne don kwafin mai saye da na mai sayarwa su haɗu daidai. A kula da kwanan wata kuma. Kafin 1752, shekarar Ingila da yankunan da ta mallaka daga 25 ga Maris take farawa, shi ya sa ake ganin "1730/31" a takardun Janairu da Fabrairu; ba kuskure ba ne.

A Arewacin Najeriya, dokar filaye ta 1910 ta sa ƙasa ƙarƙashin ikon Gwamnan mulkin mallaka, don haka abin da ake samu galibi takardar izinin zama ce. Tana iya zama hujja har yau, saboda haka kada magaji ya sayar kafin ya ga lauya. Mai saye kuwa tarihi ya saya, ba fili ba.

Wajen ajiya, a cire allura da ƙarfen da ya yi tsatsa, a shimfiɗa takardar a fayil marar asid, nesa da rana da bango mai laima. Damshin iska kada ya wuce kashi 50 cikin ɗari, don funfuna. Bushewa mai tsanani kuma na sa fata ta nannaɗe. A riƙa dubawa saboda gara. A rubuta daga hannun wa ta fito a wata takarda daban, da fensir, sannan a ɗauki hotonta gaba da baya.

Naku,
Mai sha'awar tsofaffin takardu