Kada Mu Zaɓi Launin Ɗaki a Fuskar Waya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan sana'ata. Ni mai fenti ne a Zariya, shekarata 23 ina riƙe da buroshi da rola, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwanakin baya wata Hajiya ta aiko a kira ni. Za ta aurar da 'yarta, saura kwana biyar a yi jere. Ta miƙo mini waya ta nuna mini hoton wani falo mai ruwan toka mai duhu, tagoginsa daga ƙasa har sama, ta ce irinsa yarinya take so. Da muka je ɗakin, taga ɗaya ce tak, ita ma katangar maƙwabci take kallo, filastar kuwa ba ta fi mako guda da yi ba. Na dafa bangon na ji sanyi a tafin hannuna. Na ce, "Hajiya, bangon nan bai bushe ba, launin nan kuma zai cinye hasken ɗakin." Ta ce, "Malam, ka taimaka, lokaci ya ƙure." Na ji nauyinta, na shafa. Wata biyu ba su cika ba ango ya neme ni. Bangon ya yi dabbare-dabbare kamar an watsa masa gishiri, ta ƙasa yana ɓarewa, kuma in aka ɗauke wuta ko da rana tsaka ce sai amarya ta kunna tocila kafin ta ga abin da ke cikin durowa. Har yau abin yana damuna, domin na san gaskiya amma ban tsaya a kanta ba.

Sabon siminti yana bukatar kamar mako huɗu kafin ya sha fenti. In aka rufe shi da danshi a ciki, ruwan zai nemi hanyar fita, ya turo gishirin siminti waje, ya kashe launin. Haka bangon da ke jan ruwa daga ƙasa da damina: ko sau goma aka shafe shi, matuƙar ba a gyara magudana ba, kuɗi kawai ake zubarwa.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zaɓen launi. Fuskar waya haske take fitarwa, bango kuwa hasken da ya samu yake mayarwa. Launin da ya yi kyau a hoto zai iya zama wani abu daban a ɗakinka, har ma tsakanin hantsi da la'asar, ko tsakanin farin ƙwan lantarki da mai ruwan ɗorawa. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya kira ni ya bari in shafa ɗan wuri kamar faɗin sallaya, ya bushe, ya kwana biyu yana kallonsa. Gwangwani ƙarami ya fi sauƙi a kan bokiti mai lita 20 da za a saya a dawo ana cizon yatsa. Kuma shiga duhu sauƙi gare shi, fita ce wahala. Ruwan madara shafa biyu ya isa ya koma ruwan toka, amma mayar da shi sai an yi shafen fari tukuna, a ƙara biyu ko uku a kai.

Sannan mu tuna inda muke zaune. Da bazara zafi kan haura digiri 40 a garuruwanmu da dama, launi mai duhu kuma zuƙe zafin rana yake yi, da dare bangon ya riƙa huci. Da hunturu ƙura ba ta barin fari tas ya yi wata guda da kyansa. Iyayenmu sun san wannan. Kakata farar ƙasa take jiƙawa ta ɗan ɗiga bula, ta shafe cikin ɗakinta gab da Sallah, ɗakin ya yi haske ya yi sanyi. Waje kuwa makuba ce, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, launinta ya saje da ƙasarmu, ƙura ta hau ba a gani. Duk wanda ya zaga cikin birnin Zazzau, garin shahararren maginin nan Babban Gwani Muhammadu Durugu, ko unguwar Birni a Damagaram, zai ga inda ake zuba launi mai ƙarfi: a fuskar zaure, a zanen dagi, a kewayen ƙofa. Sauran bangon a bar shi ya huta. Ni ma haka nake ba da shawara. In zuciya na son shuɗi ko ruwan hoda, a ba shi bango ɗaya, ukun su zama masu haske.

Abu na ƙarshe, masu canza launin ƙofa da taga su kula. Fentin ruwa ba ya kama fentin mai sai an goge da samfefa, kuma wasu fentin mai, musamman ja da rawaya, sukan ƙunshi dalma. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Can daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. A fitar da yara da masu juna biyu, a jiƙa wurin kafin a kankare, a goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Ɗakin amaryar nan mun kankare shi, muka bar shi mako uku taga a buɗe. Yanzu ruwan madara ne, bangon bayan gado kaɗai muka bar mata da ruwan tokarta. Ban karɓi kuɗin aiki ba.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarka,
Wani mai fenti daga Tudun Wada, Zariya.