Wasiƙa Daga Agege: Maganar Yaron Da Kake Son Turo Min

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. An ce ruwa ya fara sauka a wajen Funtuwa, har wasu sun yi shuka. Allah ya ba mu damina mai albarka. Mu nan Ikko ruwa ya daɗe da kankama.

Saƙonka ya iso ta bakin direban da ya sauke mana kaya a kasuwar Mile 12. Na so in kira ka, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya, gara in zauna in rubuta yadda za ka karanta a tsanake, ka kuma karanta wa mahaifiyarsa. Ka ce kana son turo min yaronka na biyu, mai shekara 11, ya zauna a wurina ya koyi kasuwa, tunda gonar nesa ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga, makarantar ƙauyenku kuma yau a buɗe gobe a rufe. Na karɓe shi hannu bibbiyu. Ɗanka ɗana ne, inda nawa suke kwana nan zai kwana, abin da suka ci shi zai ci. Amma ina da sharaɗi guda, kuma ba zan janye shi ba: in ya zo, makaranta zai shiga. Kasuwa sai ranar Asabar da lokacin hutu.

Bari in gaya maka abin da ya ƙara ƙarfafa min wannan ra'ayi. Shekaranjiya 27 ga Mayu aka yi Ranar Yara. Ka san yadda mutanen nan suke ɗaukar ranar da muhimmanci. Ba a karatu, makarantu na fitar da zaɓaɓɓun ɗalibai su je fareti, babban taron jiha kuma an saba yin sa a filin Kwalejin 'Yan Sanda da ke Ikeja, a yi maci, a yi rawar gargajiya, manya su yi jawabi. 'Yata ta uku na cikin waɗanda makarantarsu ta zaɓa. Tun daren jajibiri ta hana kowa sakat: a goge mata yunifom, a nemo farar safa, a wanke takalmi har sau nawa. Da asuba ta riga kowa tashi. Wallahi na ji daɗi da na gan ta cikin layi tana jefa hannu daidai da na 'yan uwanta, Yarbawa da Inyamurai da namu, ba ka iya ware wannan daga wancan.

A hanyar dawowa danfo ɗinmu ta maƙale a cunkoso kusa da gadar Pen Cinema. Sai ga wani yaro ya matso jikin taga da robar fiya wata a kansa, ruwan ƙanƙara na ɗiga ta gammo yana jiƙa masa wuyan riga. Silifas ɗinsa ɗaya an ɗaure shi da waya. Ba zai wuce sa'an yaronka ba. Na ji yana kiran ɗan uwansa da Hausa, sai na tambaye shi ko ya san abin da ake yi yau. Ya ce, “Baba, ban sani ba, amma yau akwai ciniki, 'yan makaranta sun fito da yawa.” Ya miƙo min canji, motoci suka motsa, ya ruga ya bi wata bas cike da yara masu tutoci. Har muka iso gida ban iya cewa komai ba. An ware rana sukutum domin yaro, shi kuwa abin da ya sani game da ita shi ne ruwa na ƙarewa da wuri.

Ranar nan ba jiya aka fara ta ba. A Najeriya tun 1964 ake yin ta. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da tata a 20 ga Nuwamba, ranar da ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara a 1989. Afirka ma ta ware 16 ga Yuni don tunawa da ɗaliban Soweto ta Afirka ta Kudu da 'yan sandan mulkin wariyar launin fata suka buɗe wa wuta a 1976, saboda sun fito suna ƙin a tilasta musu karatu da harshen Afirkans. Ka duba, can yara ne suka ba da ransu a kan maganar makaranta.

Doka ma ba ta yi ƙaranci ba. An kafa dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa a 2003, Legas ta mayar da ita tata a 2007, jihohinmu na Arewa da dama kuwa sai a 'yan shekarun nan suka sa hannu, Kano sai 2023. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta ne kuma dole ne. Duk da haka asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara kusan miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, mafi yawansu kuma namu ne. Ni ba na buƙatar a karanta min wannan lissafi a rediyo. Ina ganin sa kullum a bakin masallacin unguwa, a ƙarƙashin gada, a Ebute Metta inda ƙananan yara suke jan iyayensu makafi zuwa bara.

Abin da yake ci min rai shi ne, a garin nan makarantar gwamnati tana nan a buɗe, ba a biyan kuɗin karatu. Mutanen nan sun daɗe da shan wannan ruwa. Awolowo ya fara firamare kyauta a Jihar Yamma tun 1955. Lateef Jakande, da ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1983, ya cika Legas da azuzuwa har ya kawar da tsarin 'yan safe da 'yan rana. Har yau za ka ji ana cewa makarantar Jakande. Ginin bai da kyan gani, amma 'ya'yan talakawa da yawa daga nan suka fito suka zama mutane. Mu kuwa kakanninmu sun zauna a Agege fiye da shekara 100, cinikin goro da layin dogo suka kawo su, muna da Sarkin Hausawa, muna da masallatai da gidaje, amma har yanzu sai ka ga uba mai rufin asiri ya bar ɗansa yana tallan goro a tasha lokacin da ake aji. Wannan ba talauci kaɗai ba ne, akwai sakaci a ciki.

Na san abin da za ka ce: ai mu ma a kasuwa muka tashi, ga shi Allah bai bar mu ba. Gaskiya ne. Sai dai kasuwar da muka sani ba ita ce ta yau ba. Yanzu ciniki da taransifa ake yi, lissafi a waya, takardar haraji da ta rumfa duk da Turanci. Wanda bai iya karatu ba kullum yana hannun wani. Kuma ka san abin da yaro ɗan shekara 11 zai yi a Mile 12: dako. Tirela ta iso da tsakar dare, a tashe shi, ya yi ta jigilar kwandon tumatir cikin caɓi har rana ta take. Zai samu 'yan kuɗi a aljihu, kuma nan ne haɗarin yake, domin yaron da ya saba riƙe kuɗi da wuri ba ya sake yarda ya zauna a benci. Ga abokan banza, ga masu sayar da ƙwaya a lungu. Na ga yaran kirki da suka lalace a haka, iyayensu na gida suna murna ana turo musu na cefane. Ba zan karɓi amanarka in jefa shi can ba.

Game da karatun addini kada ka damu ko kaɗan. Akwai makarantar allo a bayan gidanmu, bayan Asuba da bayan Magariba, ga Islamiyya Asabar da Lahadi da yamma. Ka gaya min inda ya tsaya a hadda, daga nan malam zai ɗora masa. Yarbanci kuwa zai koya ko bai so ba, don ana koyar da shi a makaranta, kuma zai yi masa amfani in ya girma.

To ga abin da nake so ka yi kafin ya taso. Ka je ofishin hukumar ƙidaya a sakatariyar ƙaramar hukuma ka karɓo masa takardar haihuwa in ba shi da ita. Ka nemi hedimasta ya ba ka takardar canjin makaranta da sakamakonsa na ƙarshe, ka haɗo da katin riga-kafinsa in mahaifiyarsa ta adana. Sabuwar shekarar karatu a watan Satumba take farawa, saboda haka ya iso cikin Agusta ya saba da gari, mu kuma mu samu lokacin neman gurbi. Yunifom da littattafai da kuɗin mota duk a kaina, kada ka sayar da ko akuya saboda wannan. Kada kuma a sa shi a bayan motar kaya shi kaɗai. Ka jira ƙanena zai zo gida bikin aure, sai su taho tare.

Sai maganar ƙanwarsa. An ce ta daina zuwa makaranta tana tallan awara. Ban ji daɗin wannan ba, aminina, kuma ba zan ɓoye maka ba. In mahaifiyarta za ta iya rabuwa da ita, uwargidana ta ce a haɗo su biyun, ɗakin 'yan mata akwai wuri. In kuma ba za ta iya ba, ka gaya min abin da tallan yake kawowa a wata, mu ga yadda za mu rufe wannan giɓin ta koma aji.

Ka gaishe min da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'arta. Ka gaida Liman da duk mutanen majalisa. Zan ba direban atamfa da ɗan saƙon Inna in zai juyo. Ina jiran amsarka a kan yarinyar kafin ƙarshen wata.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Agege