Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Me Ya Kawo Langa Cikin Horon 'Yan Gudu?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu maza da mata da duk masu riƙon yara. Ya muka ji da sanyi da ƙura? Allah ya sa mu ga wucewarsu lafiya.

Wasiƙar wannan karon daga sashen wasanni ta fito, kuma wata tambaya ce ta jawo ta. Ranar Talatar da ta wuce wani uba ya zo ɗaukar ɗansa, ɗaya daga cikin yaran da muke shiryawa don gudun dogon zango. Ya tarar da shi ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle a kan ɗayar, abokai na bin sa da ihu. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ni dai an ce mini gudun mita 3,000 zai yi a gasar gidaje. Yaushe kuma aka koma langa?" Na ba shi amsa a tsaitsaye, amma na san akwai masu irin tambayarsa da suka yi kawaici.

Bara gudu kawai muka sa a gaba. Kullum da yamma sai zagaye fili, jiya i yau. Gasa na ƙaratowa yara suka fara ɗingishi. Ban manta wata yarinya da ta zauna a kan benci ta cire takalmi ta nuna mini ƙwaurinta ba. Da na ɗan danna gefen ƙashin da babban yatsa sai ta zabura ta riƙe mini hannu. Ita ce ta fi kowa naci a horo, ranar gasa kuma daga gefe ta yi kallo. Wasu biyu lafiyarsu ƙalau, gundura ce ta kore su, suka daina zuwa. Laifin nawa ne, ni na tsara horon.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Zuciya da huhu ba ruwansu da sunan wasa. In yaro ya yi rabin awa yana haki, ko a kan keke ko a bayan ƙwallo, sun samu aikinsu. Ƙashi da jijiya da gaɓoɓi su ne ke jin jiki. Duk takun da mai gudu ya yi, nauyin da ke sauka a ƙafarsa ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa, gudun kilomita biyar kuwa taku dubbai ne, duka a wuri ɗaya suke sauka. Numfashi na saurin sabawa da horo, ƙashi kuwa sai a hankali. Shi ya sa yaro zai ji yana da sauran ƙarfi alhali ƙwaurinsa ya riga ya gaji. Ga shi kuma yaranmu girma suke yi, ƙashinsu bai gama ƙwari ba, don haka ciwon ƙasan gwiwa da na dunduniya ya fi saurin kama su. Filinmu ma da rani kun san yadda yake, tauri kamar daɓe.

To, bana mun raba makon. Litinin da Laraba da safiyar Asabar gudu ne, wannan ba mu taɓa shi ba, domin wanda zai yi tsere dole ƙafarsa ta san gudu. Talata langa da tsallen igiya. Alhamis ƙwallon ƙafa, masu son ƙwallon hannu ko na raga su ma ga wurinsu. Juma'a da Lahadi hutu ne, kuma muna roƙon a bar su su huta. In gasa ta rage mako uku za mu mayar da Alhamis ranar gudu.

A cikinsu duka langa ce na fi ji da ita, duk da ita aka fi rainawa. In kun lura, mai gudu bai taɓa ajiye ƙafa biyu a ƙasa lokaci guda ba, daga wannan yake faɗawa kan waccan. Langa kuwa tsayuwa ce a kan ƙafa ɗaya, ana ture ka kana neman kada ka faɗi. Idon sawu da cinya da ƙugu duk sai sun yi aiki. Sharaɗinmu ɗaya: a riƙa sauya ƙafa, kuma a kan rairayi ake yi, minti kaɗan a huta. Ƙwallo ita kuma tana sa yaro gudun gefe da na baya, ya tsaya cak ya sake fizga, abin da zagayen fili ba ya koyarwa. Babban ɗan wasa yakan ci kusan kilomita 10 cikin minti 90, yaro ma yakan yi nasa gwargwado bai ma san ya yi ba.

Manyan ma haka suke yi. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya gama gudun ya da ƙanin wani, kilomita 42 da mita 195, cikin ƙasa da awa biyu a ƙasar Ostiriya a 2019, yana haɗa gudunsa da tuƙa keken motsa jiki na girke. A nan gida kuma Chioma Ajunwa tana cikin 'yan ƙwallon Najeriya da suka je gasar cin kofin duniya ta mata ta farko a Sin a 1991, sannan a 1996 ta ciyo zinare a dogon tsalle a Atlanta da mita 7.12. Ita ba 'yar dogon zango ba ce, amma nakan ba 'yan matanmu labarinta in sun ce ƙwallo ta maza ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ga 'yan shekara 5 zuwa 17 ita ce minti 60 na motsa jiki a rana, tare da wasannin ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla sau uku a mako.

Yaran da ke zuwa makaranta a keke, wannan ma horo ne, a sanar da mu nisan gida don mu rage musu wani abu.

Sai maganar iyo. Wasu yara sun ji cewa iyo na ƙara numfashi ba tare da wahalar da ƙafa ba, kuma gaskiya ne. Sai dai makaranta ba ta da wurin iyo, kuma ba mu tura kowa kududdufi ko rafi ko madatsar ruwa ba. Bayan haɗarin nutsewa, a irin ruwan nan ake ɗaukar tsargiya, cutar da ke shiga ta fata ta jawo fitsarin jini. Duk yaron da ya ce Malam ne ya ce ya je, ba da yawuna ba.

Abin da muke nema a wajenku kaɗan ne. Kowane yaro ya zo da gorar ruwansa, domin sanyin hunturu na ɓoye ƙishirwa. Igiyar tsalle ba sai ta kanti ba, ta shanya ma ta isa, in ya taka tsakiyarta bakunan su kai hammatarsa. Mai asma ya riƙa zuwa da maganinsa, ranar da hazo ya yi yawa kuma a zauren taro za mu yi tsallen igiya. In kun ga yaro na ɗingishi da safe, ko ya nuna wuri ɗaya a ƙashi da yatsa ya ce nan ne ke ciwo, kada a tsaya a kan man zafi. A kai shi asibiti, a kuma aiko mana, domin su ɓoyewa suke yi kada a cire su daga gasa.

Mai son ganin horon da idonsa, ƙofa a buɗe take kowace Talata bayan la'asar. Uban nan da ya yi tambaya ya ce a zamaninsu ba a taɓa kayar da shi a langa ba, yara kuma sun ce suna jiran sa.

Wassalam.

Malamin wasanni,
a madadin hukumar makaranta