Rahoton Kwamitin Gyaran Sabar Imel ta Ofishin Ƙungiya, Agege

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, dattawa da sauran 'yan uwa, aikin da kuka ɗora mana na gyara sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da ajiye saƙonninmu na imel, ya kammala, alhamdulillahi.

Kowa ya san halin da aka shiga. Da safe, lokacin da 'yan uwanmu na Apapa da Mile 12 ke turo takardun kaya da rasidai, saƙo sai ya maƙale a layi, akwatin saƙo ya ƙi buɗewa. Da yawa sun ba da shawarar a sayi sabuwar na'ura mai ƙaƙƙarfar firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta. Mu kuwa muka ga kuɗin jama'a amana ne, ba za a taɓa ba sai an gano inda ciwon yake. Injiniyanmu ya auna aikin sabar a lokutan cunkoso.

Ashe firosesa ba ta da laifi, zaman jiran faifan ajiyar bayanai take yi. Faifan da ke ciki mai juyawa ne, mai zagaye 7200 a minti, kuma irinsa da ƙyar yake wuce karatu da rubutu 100 a daƙiƙa idan bayanai a warwatse suke. Imel kuwa ƙananan fayiloli ne barjat, manhajar Postfix mai karɓar saƙo na rubutawa, manhajar Dovecot mai buɗe akwatin saƙo na karantawa, duk a faifai ɗaya. Ga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki a cikinta, gigabait 4 kacal, alhali ClamAV mai tace ƙwayoyin cutar kwamfuta shi kaɗai yana cin fiye da gigabait 1. Idan RAM ya cika sai na'ura ta juye sauran a kan faifan da dama ya gaji, abin ya zama goma da ashirin.

Saboda haka muka sayo faifan SSD, mai sauri wanda ba ya juyawa, guda biyu a Computer Village da ke Ikeja, aka haɗa su a tsarin RAID 1, ta yadda ko ɗaya ya mutu ɗayan zai ci gaba. An ɗaga RAM zuwa gigabait 16. Girman faifan mun fitar da shi ne daga yadda akwatuna ke cika kowane wata, tare da rarar shekara 3. An ƙara UPS, batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, domin ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu yana iya lalata bayanai. Firosesa tana nan yadda take.

RAID ba ya dawo da saƙon da aka goge, don haka tsohon faifan yanzu shi ke karɓar kwafin ajiya kowane dare. Rasidai suna hannun Ma'aji ga mai son dubawa. Muna roƙon taro ya amince a sa wa kowane akwati iyakar girma, kuma a naɗa wanda zai riƙa duba sabar kowane wata.