Kafin a sayo dashe, a fara tsara wanda zai kula da shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da zarar damina ta sauka, ƙungiyoyi da kamfanoni sai su fito dashen itatuwa. A kafa rumfa, babban baƙo ya dasa darbejiya ɗaya, a ɗauki hoto, a watse. Kafin bazara awaki sun cinye wasu, sauran sun bushe, domin kasafin ya ƙare ranar bikin. Ba a ware kuɗin ban ruwa ba, ba shinge, ba a ma zauna da mai unguwa ko makiyayan da ke bi ta wajen ba.

Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda ya shafi jihohi 11 na arewacin Najeriya, shi ma ya sha fama da mutuwar dashe.

Mu leƙa Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma suke sassaben zamani: a bar kututturen da ya toho a gona, a rage rassan, a raini biyu ko uku masu ƙarfi. An kiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo ta haka. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ga taki, ga abincin dabbobi. Manomi ya kula da shi ne saboda ya san amfanin nasa ne.

Ina kira ga duk ƙungiyar da za ta yi dashe bana ta rubuta tsarin shekara biyar tukuna: wa ya mallaki itacen, wa zai shayar da shi da rani, kuma nawa suka rayu cikin na bara.

Wassalam,
Mai karatunku daga Daura