Muna kiransa ra'ayin masu kallo, alhali mun san yadda ake haɗa shi

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka na wannan fili, Allah ya ƙara basira.

Mu huɗu ne muka haɗu muka rubuto, kuma aikinmu ɗaya ne a wata tashar talabijin. Mu ke tattara abin da masu kallo suke faɗa a kan wasannin kwaikwayo masu dogon zango da shirye-shiryen gasa, irin waɗanda ake sallamar ɗan takara ɗaya duk mako da ƙuri'ar jama'a. Mu ke tace saƙonni, mu ke miƙa rahoto ga marubuta da furodusoshi, mu ne kuma ke zaɓo 'yan saƙonnin da ake karantawa a ƙarshen shiri da sunan "ra'ayin masu kallo". Wannan sunan ne ya hana mu sakat. Ka yi haƙuri da tsawon bayani, domin sai ka ga yadda abin yake gudana daga ciki kafin tambayarmu ta fito sarai.

Abu na farko, masu kallo daban, masu magana daban. Tun a 2006 wani masanin amfani da intanet, Jakob Nielsen, ya bayyana cewa a yawancin dandalolin intanet kusan mutum 90 cikin 100 karatu kawai suke yi, tara kan tofa albarkacin bakinsu jefi-jefi, mutum ɗaya ne ke rubuta mafi yawan abin da ake gani. Haka abin yake a teburinmu. A ƙaddara mutum 200,000 suka kalli wani kashi na wasa, saƙonni 600 suka shigo. Idan aka cire maimaici, sai a tarar mutum 250 ne suka turo su, wataƙila ma talatin daga cikinsu ne suka rubuta rabi. Su wa ke ɗaukar waya su yi rubutu? Wanda ransa ya ɓaci, da wanda ya mutu a kan wata jaruma ko wani jarumi. Wanda ya kalla ya ji daɗi daidai gwargwado, kashe talabijin yake yi ya kwanta. Ga shi kuma shafukan sada zumunta suna ɗaga tsokacin da ya fi jawo cacar baki zuwa sama, sai mai dubawa ya ɗauka gari gaba ɗaya ya kama da wuta.

Yawan saƙo ba ya gyara wannan. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta tara amsoshi sama da miliyan biyu, ta ce Alf Landon ne zai ci. Franklin Roosevelt ya yi masa kayen da ba a manta ba, yayin da mai binciken ra'ayin jama'a George Gallup, da adadin da bai kama ƙafar nata ba, ya hango sakamakon daidai. Mutum dubu da aka zaɓo ba da son rai ba, kuskuren lissafinsu bai cika wuce maki uku cikin ɗari sama ko ƙasa ba. Mutum miliyan da suka kawo kansu da kansu kuwa, babu wanda zai iya ce maka ga iyakar kuskurensu. Dalilin ke nan da masu auna yawan 'yan kallo, irin kamfanin Nielsen a Amurka da hukumar BARB a Birtaniya, suke zaɓen gidaje da kansu su saka musu na'ura, ba sa jiran wanda ya ga dama ya yi magana.

Muna da 'yan dabarun rage ɓarna. Muna ƙirga mutane maimakon saƙonni. Muna ware abin da ya shigo cikin awa biyu na farko, lokacin da jini ke tafasa, daga abin da ya shigo bayan kwana uku. Muna raba ƙorafi gida-gida: na labari, na iya wasa, na sauti da hoto, na yawan talla, domin sau da yawa wanda ya ce "wasan ya lalace" talla ce ta katse shi sau biyar. Sannan muna ɗora duk wannan a kan jadawalin da ke nuna minti nawa mutane suka tsaya da mintin da suka canza tasha. A nan ake ganin abin mamaki: mugun da ake tsine wa, ake cewa a kashe shi a huta, sau da yawa fitowarsa ce ke riƙe mutane a kujera. Marubucin da ya biye wa saƙonni ya cire shi, shi zai kashe wasansa da hannunsa. Akasin haka ma ta faru. A 2007 tashar CBS ta dakatar da wasan Jericho, masoyansa suka yi ta kamfen har aka dawo da shi da kashi bakwai, amma yawan masu kallo bai taka kara ya karya ba, aka sake rufe shi a 2008.

Wani abin da masu kallo ba su cika sani ba shi ne yawancin wasanni an gama ɗaukar zangonsu watanni kafin a fara haskawa, don haka "a gyara mana mako mai zuwa" ihu ne bayan hari. Inda ake rubutu ana haskawa, kamar wasannin tashar Globo ta Brazil da wasu na Koriya ta Kudu, nan ne ra'ayi ke iya juya labari, kuma ma'aikata ne ke biyan farashin da rashin barci. Amma mai gabatarwa yakan ce "mun ji ku" ko da babu abin da za a iya taɓawa.

Na wasan kwaikwayo ma mai sauƙi ne, Malam, tunda wanda ake zagi ƙirƙirarre ne. A shirin gasa ne gizo ke saƙar.

Ɗauki ƙa'idar ƙuri'a kaɗai. Ga ɗan takara mai baki, wanda cikin masu kallo 100 mutum 40 ke sonsa, 45 ba sa ƙaunar ganinsa, sauran ko oho. Ga wata mai shiru-shiru da babu mai ƙinta, babu kuma mai rawar jiki a kanta. In aka ce a zaɓi wanda za a ceta, mai bakin ne zai zo na ɗaya, ita ta tafi gida. In aka ce a zaɓi wanda za a kora, shi zai fita, ita ta zauna. Mutanen ba su canza ba, daren bai canza ba, sakamako ya juye. Wanda ya zaɓi ƙa'idar ya riga ya yanke rabin hukunci kafin a buɗe layi. Ƙara da ba da damar jefa ƙuri'a fiye da sau ɗaya: mutum 500 masu hali da naci, kowanne ya jefa 50, sun tara 25,000, sun doke mutum 20,000 da suka jefa ɗai-ɗai. Ƙara da 'yan takara biyu masu kama da juna da ke raba magoya baya gida biyu, na uku ya wuce ta tsakiya. Ƙara da wanda aka sa ya fito a ƙarshe, dab da buɗe layi, yana sabo a ido, da wanda ya fito na biyu aka manta da shi. Duk wannan ba maguɗi ba ne a takarda, amma a ƙarshe sai a ɗaga murya a ce "jama'a sun yanke hukunci".

Maguɗin gaske ma yana da tarihi. A Amurka, a shekarun 1950, an gano ana ba wasu 'yan takarar shirin kacici-kacici na Twenty-One amsa tun kafin a hau dandamali. Ɗaya daga cikin 'yan takarar, Charles Van Doren, ya amsa haka a gaban kwamitin majalisa a 1959, a 1960 kuma aka yi dokar da ta haramta irin wannan rufa-rufa. A Birtaniya hukumar Ofcom mai sa ido a kan tashoshin rediyo da talabijin ta ci tarar kamfanin talabijin na GMTV fam miliyan biyu a 2007, saboda ana fitar da waɗanda za su kai matakin ƙarshe tun ba a rufe layi ba, masu bugowa daga baya suna ta biyan kuɗi a banza. A 2008 ta ci tashar ITV tarar sama da fam miliyan biyar da rabi a kan gasannin waya. Mu ba a kai ga nan da mu ba, kuma da an kai ba sai mun nemi shawara ba, haramcin a fili yake. Abin da ke damunmu ya fi wannan siriri.

Mako ɗaya awa 168 ne. Kyamarori da yawa na ɗauka, kowane ɗan takara da makirufo a ƙirjinsa, a ƙarshe a matse komai ya koma minti 45. Dole a zubar da kusan duka, kuma abin da aka bari shi ne halin mutum a idon duniya. Mai tace hoto na iya ɗauko farkon jimla daga Litinin ya liƙa mata ƙarshe daga Alhamis. Alamar da ake gane haka ita ce a ji murya alhali kyamara na kan ƙeyar mai maganar ko kan wani abu daban, ko sautin ya ɗan yi tsalle a tsakiyar jimla. Harara ko murguɗa baki da aka nuna bayan wata magana, mai yiwuwa an yi ta ne a wani zaman da ba shi da alaƙa da wannan. Hirar da ɗan takara ke yi shi kaɗai da kyamara, sau da yawa bayan kwanaki ake ɗaukarta, a ce ya yi magana kamar yanzu abin ke faruwa, da tambayoyin da aka tsara don su tono fushi. A ɗora kiɗa mai tsoratarwa a ƙasa, shi ke nan an samu mugun zangon. Ba sai an ƙirƙiri kalma ko ɗaya ba. Mutumin da ya yi faɗa sau biyu a mako, ya kuma yi wa abokan zamansa hidima sau ashirin, faɗan biyu za a gani.

Washegari zagi ke sauka a teburinmu, da sunan mutum na gaske mai iyaye da dangi. Sai a ce mu rubuta a rahoto cewa masu kallo ba sa sonsa, edita ya karanta ya ƙara kaimi a kashi na gaba tunda abin na jan kasuwa, zagi ya ninka. Mu muka shuka, mu muka girbe, muka sa masa suna ra'ayin jama'a. Kuma abin ba wasa ba ne. A 2020 Hana Kimura, 'yar kokawa mai shekara 22 da ta fito a shirin Terrace House na Japan, ta rasu bayan ruwan zagin da aka yi mata a intanet. A 2022 Japan ta tsaurara hukuncin cin mutunci har zuwa ɗaurin shekara ɗaya. Ofcom ma tun 2021 ta wajabta wa tashoshi kula da lafiya da mutuncin waɗanda suke sawa a shirye-shirye, tare da sanar da su haɗarin da ke ciki tun kafin su amince.

To, a nan kanmu ya rabu. Ɗaya daga cikinmu na ganin nishaɗi ne, kowa ya san akwai gishiri a ciki, ɗan takara kuma da hannunsa ya sa hannu a yarjejeniya. Sauran muna ganin wanda bai taɓa zama a ɗakin tace hoto ba bai san abin da ya amince da shi ba, kuma da masu kallo sun san akwai gishiri, da ba su bi mutum har shafinsa suna tsine masa ba.

Ga abin da muke so ka warware mana. In za mu karanta saƙo biyar daga cikin 600, wanne ne adalci? In muka bi yawa, zagi ne zai fi yawa, mun zama masu yaɗa shi. In muka ɗauko biyu na yabo biyu na suka don a ce mun daidaita, alhali tara cikin goma suka ne, mun yi ƙarya ta wata fuska. In muka zaɓi masu ma'ana kawai, ra'ayinmu muka karanta da bakin wasu. Haka nan mun sa hannu a kan riƙe sirrin aiki, wannan amana ce. Amma idan mun ga ainihin faifan, mun san an shafa wa mutum kashin kaji, shirunmu riƙon amana ne ko tarayya cikin ƙazafi? Wace amanar ce ke gaba, ta wanda ke biyanmu albashi ko ta wanda ake ci wa mutunci?

Mun tsara abubuwan da muke son kai wa shugabanninmu: a riƙa faɗin yawan mutanen da suka jefa ƙuri'a tare da yawan ƙuri'un, a ƙayyade ƙuri'a nawa lamba ɗaya za ta jefa, a kawo mai sa ido daga waje ya shaida ƙirga da lokacin rufe layi, a daina haɗa jimla daga ranaku daban-daban in hakan zai canza ma'ana, a nuna wa ɗan takara kashin da zai jawo masa surutu kafin a haska shi, mai gabatarwa kuma ya riƙa cewa "wasu daga cikin waɗanda suka rubuto" maimakon "jama'a". Mun san ba duka za a karɓa ba, domin wasunsu na rage kuɗin shiga, wasu na rage armashin shiri. Shi ya sa muke so ka bambance mana wanne ne wajibi da ba za mu ci gaba da aikin ba in an ƙi shi, wanne ne kuma kyautatawa da za mu iya haƙura da rashinsa. In kuma aka yi watsi da duka, ya halatta mu zauna muna rage ɓarna daga ciki, ko zaman namu ne ke ba abin fuskar gaskiya?

Muna sauraron amsarka a fili na gaba in Allah ya kai mu. A taimaka a sakaya sunayenmu da na tasharmu.

Wassalam,
Ma'aikata huɗu na sashen ra'ayin masu kallo